Saƙon Anti Luba Da Na Kai Wa Mai Keke

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune bakin randa ina wanke kofunan koko.

Wayar Inna ta yi ƙara a ɗaki. Na ji ta ɗauka, na ji ta gaisa. Da ta fito, ɗankwalinta a hannu yake.

Ta ce, "Nafisa, aje kofin nan. Malama Luba ta rasu. Yau da asuba, can Shagari."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban aje kofin ba. Na ci gaba da cuɗa shi da soso, kofin da ya riga ya fita, har sai da Inna ta zo ta zare shi daga hannuna.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san ba ni da yawan magana. Hoton fure nake sakawa, ko bangon littafin da nake karantawa, in gudu. Kwament ɗinku ma sai in karanta sau uku in kasa amsawa. Yau dai ku yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo.

Malama Luba ita ce malamarmu ta kwamfuta a makarantar 'yan mata nan Bodinga. 'Yar Shagari ce, amma a gidan gwaggonta take zaune, katanga ɗaya da mu. A makaranta Malama nake ce mata. A gida Anti.

Ranar da ta fara sanina, kama ni ta yi. Na ɓoye littafin soyayya cikin littafin darasi, na yi nisa sosai, ban san tana tsaye a bayana ba. Da na ɗago na ga hijabinta, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta karɓi littafin, ta duba bangon gaba, ta duba na baya.

Ta sunkuyo ta ce a hankali, yadda ba wadda za ta ji, "To, sun yi aure ko ba su yi ba?"

Na ce, "Ban kai ƙarshe ba, Malama."

Ta ce, "In kin kai ki taho ki hwaɗa min. Amma ba cikin ajina ba."

Ta mayar min da littafina. Ba bulala, ba tsallen kwaɗo, ba kai ƙara ofis.

Kwana biyu ina zagaya ƙofar gidansu kafin na iya yin sallama. Sun yi auren, na faɗa mata. Ta ce alhamdulillahi, hankalinta ya kwanta, ta zuba min dafaffiyar gyaɗa a murfin kwano.

A ranar na fara ganin Akwati.

Wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi kwalin sukari girma ba, a kan ƙaramin tebur kusa da taga. Ba ta da allo, ba ta da madannai. Waya biyu ke shiga jikinta, sai wata koriyar fitila ƙarama da ke ƙiftawa kamar tana numfashi. Masana suna ce wa irinta saba ta gida. Mu Akwati muke ce mata.

Anti ta ce min, "Duk hoton da kinka ɗauka da wayarki, kin san inda yake kwana? Gidan wani, wata ƙasa, mutumin da ba ki taɓa gani ba. Ni kau ina son kayana su kwana gidana."

A cikin Akwati akwai tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, da darussanta, da littattafan da marubutansu suka yarda a raba, da hotunan bukukuwan matan unguwarmu da suke tsoron su ɓace in waya ta faɗa ruwa. In kina kusa da gidan sai ki haɗa wayarki da shi, ba data, ba komai. Da la'asar za ki ga 'yan mata jere a gindin bishiyar bedin tsakar gidan, kowa ta sunkuyar da kai.

Manhajar da ke tafiyar da Akwati ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta tare, kyauta, bayan sun tashi daga aikinsu na cin abinci. Kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, kowa na iya kawo gyara. Suna da dandali inda suke tattaunawa da Turanci. Na taɓa tambayarta yaushe za a gama ginin. Ta yi dariya ta ce irin wannan ba a gama shi, sai dai wani ya aje wani ya ɗauka.

Anti na cikinsu. Da fassara kalmomin manhajar zuwa Hausa ta fara. Daga baya ta riƙa kai musu rahoton abin da zafin Sakkwato ke yi wa Akwati a watan bazara. Daga nan ta fara rubuta gyara da kanta.

Ni kuwa abin da ya fi burge ni mutanen ne. Nakan zauna in zuba wa koriyar fitilar ido, in riƙa ƙirƙira musu rayuwa. Wata tana zaune a bene na goma, ruwa na sauka a gilashin tagarta. Wani yana gefen teku da kofin shayi. Wani a garin da ƙanƙara ke rufe ƙofa. Kowa da ɗan akwatinsa mai ƙiftawa, kuma duk sun san sunan wata mata a Bodinga.

Anti takan taɓa ni ta ce, "Nafisa, dawo. Ina kinka tai kuma?"

Ita ce mutum ta farko da na gaya wa ina rubuta labari. Ko Inna ba ta sani ba a lokacin. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce a kawo ta gani ba. Ta buɗe min wuri nawa a cikin Akwati, ta juya baya ta ce in saka lambar sirri.

Ta ce, "Ko ni ban iya shiga. Ran da kinka so in karanta, ke za ki buɗe min."

Da na buɗe mata bayan wata biyu, abu ɗaya ta tsokane ni da shi. Wai me ya sa duk samarin labaraina a Abuja suke, kowa da mota baƙa da turare mai tsada? Samarin nan kusa ba su iya soyayya ba ne?

Na ji haushi. Na koma gida na fara sabon labari, jarumin manomin albasa ne a fadamar Danchadi. Da gayya na yi, don in nuna mata ba zai yi daɗi ba.

Sai ya fi duk sauran daɗi.

Babi tara na rubuta. Ran da na gama na taran, bara cikin zafi, jarumin ya sauko daga motar albasa da wasiƙar budurwarsa a aljihu bai buɗe ba. Na danna ajiyewa, a daidai lokacin aka ɗauke wuta. Batirin da Anti ta haɗa wa Akwati kuma ya tsufa, bai riƙe ba. Koriyar fitila ta mutu.

Da wuta ta dawo muka buɗe. Babu labari. Wasu alamomi ne kawai jere kamar tururuwa, daga sama har ƙasa.

Na yi kuka irin wanda nake jin kunyar tunawa. Anti ba ta ce "labari ne kawai" ba. Ta zauna kusa da ni a tabarma har na yi shiru, sannan ta jawo kwamfutarta ta rubuta wa mutanen dandali abin da ya faru. Ta ce manhajar ba ta san yadda za ta kare abin da ake ajiyewa ba idan wuta ta yanke ba zato, kuma a wajenmu wannan kullum ne.

Wanda ya amsa yana cikin manyan aikin, irin waɗanda sai sun duba sun amince kafin gyara ya shiga. Ba mu san fuskarsa ba. Hoton da ya saka a shafinsa wani tsohon keke ne jingine da bango, shi ya sa muka sa masa Mai Keke.

Layi biyu ya rubuta. Ya ce irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, ta sayi na'urar da ke riƙe wuta. Ya rufe maganar.

Ban taɓa ganin Anti cikin fushi irin na ranar ba. Ta dube ni, idanuna a kumbure, ta dubi allon. Yatsunta suka riƙa dukan madannai kamar ana sussukar gero. Da ta tura sai ta fassara min abin da ta rubuta. Ta ce masa shi mutum ne da bai taɓa zama cikin duhu ba, shi ya sa yake ganin duk duniya kamar falonsa take. Ta ce girman kai ya toshe masa kunne. A ƙarshe ta ce ba don mutane yake wannan aikin ba, don a yabe shi ne.

A fili ta rubuta, inda kowa ke gani.

Bai amsa ba. Wata daga cikin mutanen dandalin ce ta sake buɗe maganar washegari, ta ce in Anti za ta iya kawo gyara, ta kawo.

Ni da kaina cike da littattafai, nan take na gano inda labarin ya dosa. Na ce mata, "Anti, haka fa ake farawa. Da faɗa. A duk littafin da na karanta, wanda aka fi tsana a babi na ɗaya shi ake aure a na ƙarshe."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wanga tsoho? Ya taɓa hwaɗin bisa keken nan yake kai jikarshi makaranta. Ke dai Allah shi shirye ki. Sadakin nawa ma ina jin tayar keke za a kawo."

Gyaran ya ɗauke ta watanni. Ni ce mai cire waya.

Haka ake gwadawa, ba wata hanya. Duk Asabar bayan la'asar sai ta sa Akwati ya fara ajiye wani abu, tana kallon allonta, ni ina tsugune da hannuna a kan soket. Ta ce, "Cire." In fizge. Ta ce, "Maida." In mayar. Mu jira fitila ta dawo, mu duba ko abin ya tsira. In ya lalace ta ja tsaki ta koma rubutu, in ya tsira ta ce a sake, wataƙila sa'a ce.

Gwaggonta takan leƙo ta ce, "Ku dai ban gane muku ba. Mutane na roƙon a kawo wuta, ku kuna ɗauke ma kanku."

Wata Asabar muka yi ta cirewa muna mayarwa har hannuna ya gaji, bai lalace ko sau ɗaya ba. Anti ba ta yi ihu ba. Ta jingina da bango ta lumshe ido, ta ce, "Yanzu ki sake rubuta min mai albasa. Ba abin da za shi same shi."

Sati uku da suka wuce ta tura gyaran. Wanda zai duba shi kuwa, Mai Keke ne.

Shiru. Kullum ta buɗe, shiru.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ran Alhamis ɗin da ta wuce ce. An yi hutu, za ta tafi gida Shagari. Ta shigo gidanmu da hantsi, Akwati naɗe a cikin ɗankwali kamar jariri, ta ce a aje mata a ɗakinmu tunda muna da sola, 'yan mata su ci gaba da karatu. Ta haɗa shi da kanta, ta gaisa da Inna, suka yi tsokanarsu ta kullum a kan wai Inna na ɓoye mata daddawa mai kyau.

Na raka ta bakin titi. Hadari ya haɗu ta gabas amma bai sauko ba, iska na ɗaga mana hijabi. Muna jiran mota sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Nafisa, maganar da na yi ma tsohon nan tana damuna."

Na ce, "Ai gaskiya kika faɗa masa."

Ta ce, "Ta wuta gaskiya ta. Amma cewa don yabo yake yi, ina na sani? Na shiga zuciyarshi? Mutum ya ba da shekarunshi kyauta, ni kau na tsaya gaban jama'a na ce mai haka."

Na ce to ta rubuta masa yanzu mana, ga waya a hannunta.

Ta girgiza kai. "In na ba shi haƙuri yanzu, za shi ce don shi karɓi aikina na. Bari shi duba tukuna. Ko ya karɓa ko ya ƙi, sannan in ba shi haƙuri da zuciya guda."

Mota ta tsaya. Ta shiga, ta leƙo ta taga.

"In na dawo ina son in iske mai albasa ya buɗe wasiƙar nan. Kin bar bawan Allah tsaye da takarda cikin aljihu tun bara."

Na yi dariya na rufe fuska. Ko hannu ban ɗaga mata da kyau ba, saboda akwai maza a tashar suna kallo.

Zazzaɓi ne, aka ce. Ran Litinin ya fara, ta ɗauka na sauro ne da aka saba. Jiya aka kai ta asibiti. Yau da asuba Allah ya karɓi abarsa.

Mun tafi Shagari da Inna. Hanyar nan da na sani, yau kamar a mafarki na bi ta. Gero ya yi kai hagu da dama, kore shar, shanu na kiwo a gefen titi, yara na ɗaga wa mota hannu. Komai na nan yadda yake. Na riƙa jin kamar in mun isa za ta fito daga ɗaki ta ce, ke kuma wa ya gayyato ki?

Mun iske an riga an kai ta. Gidan cike da mata. Hajiya, mahaifiyarta, tana zaune a tsakiya da carbi, idanunta a bushe. Da Inna ta ce mata, "Wagga ita ta Nafisa, ɗiyar ɗakinta," sai Hajiya ta kama hannuna ta riƙe. Ta ce, "Ke ce mai labarai."

Can sai yayan Anti ya tsaya a bakin ƙofar shigowa, daga waje, ya ɗaga murya yadda matan ciki za su ji.

"Jama'a, Luba ta riga mu. Duk wanda ta yi ma laifi, da saninta ko ba da saninta ba, don girman Allah shi yahe mata."

Gidan ya amsa gaba ɗaya. Mun yafe, mun yafe, Allah shi yafe muna baki ɗaya. Na faɗa ni ma, duk da ban san me zan yafe ba.

Sai na tuna da Mai Keke.

Duk wanda ke cikin gidan nan ya ji. Na waje sun ji. Na Bodinga za su ji kafin azahar. Mutum ɗaya ne ba zai ji ba, kuma shi ne kaɗai na sani da kunnena cewa tana jin ta ɗauki haƙƙinsa. Bai ma san ta rasu ba. Yana can wata ƙasa da kekensa.

Kuma saboda ni ta faɗa masa maganar. Saboda labarin mai albasa da kukana.

A mota muna dawowa na kasa riƙewa, na gaya wa Inna. Na fara ta tsakiya, ta kasa ganewa.

Ta ce, "Mai keke? Wane mai keke? Na Lambara?"

Na ce a'a, na ƙasar waje, a cikin kwamfuta. Na sake farowa daga farko. Ta saurara har na gama. Na ce ina jin ma ba musulmi ba ne.

Ta ce, "To shi ba mutum na ba? Haƙƙinshi na nan ko wane ne shi." Ta juyo ta dube ni. "Ke kinka ji da kunnenki ta ce za ta ba shi haƙuri?"

Na ce na ji.

"To saƙo na a hannunki. Ki kai."

Na ce, "Inna, da Turanci ne fa. Kuma mutane da yawa ke karantawa."

Ta ce, "Shekara nawa muna kai ki makaranta?"

Tun bara Anti ta buɗe min shafi a dandalin, wai ko wata rana zan so in ce wani abu. Ban taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Sunan da na zaɓa ma a lokacin, wani suna ne mai taurari da furanni, ba zan faɗa muku ba.

Bayan la'asar na zauna gaban Akwati da ƙamus ɗin makaranta. Na so in tura masa a ɓoye, shi kaɗai. Sai na tuna a gaban kowa ta faɗa masa. Na je ƙarƙashin wancan rubutun nata, wanda har yanzu yake nan, na rubuta a nan.

Layi biyar sun ci min awa guda. Na ce ni ɗalibarta ce, ni ce yarinyar da labarinta ya ɓace. Na ce ta rasu yau da asuba. Na ce sati ɗaya da ya wuce ta gaya min ta yi nadamar abin da ta ce masa, tana jira ne ya gama duba aikinta don kada ya ɗauka neman alfarma take. Na ce a wajenmu idan mutum ya rasu ana roƙon waɗanda ya ɓata wa su yafe masa. Na roƙe shi.

Na danna, na kife wayar a kan katifa, na fita tsakar gida na tsaya ina kallon kaji.

Da na dawo, mutane sun fara rubutu. Waɗanda na daɗe ina ƙirƙira wa tagogi da teku, ga su da kansu. Wata ta ce Anti ce ta koya mata haƙuri da masu tambaya. Wani ya ce a garinsu ma ana ɗauke wuta, bai taɓa samun ƙarfin faɗa ba sai da ya ga ta faɗa.

Sai ga hoton keke.

Ya yi ta'aziyya mai kyau. Ya ce labarin ya girgiza shi. Ya ce ta yi gaskiya a kan wutar, ayyuka ne suka yi masa yawa shi ya sa bai duba gyaran ba. Ya ce kada in damu, babu wani abin da za a yafe.

Na kai wa Inna tana tankaɗe. Na fassara mata.

Ta ce, "Ya ce ya yahe?"

Na ce ya ce babu abin yafewa.

Ta ci gaba da tankaɗenta. "Wanga kawaici na. Ba shi anka aike ki karɓowa ba."

Ni ma a raina na san haka. Abu ɗaya da littattafan nan suka koya min, duk wanda ya yi saurin cewa ba komai, to akwai komai.

Rubutu na biyu ya fi na farko wuya, don yanzu kamar ina matsa wa dattijo ne, sa'an kakana. Na ce ya yi haƙuri da ni. Na ce na gode da kyakkyawar maganarsa, amma a wajenmu ana faɗa ne da baki. Idan maganar ta taɓa yi masa zafi ko kaɗan, ina roƙon ya faɗi kalmar.

Wannan karon ya daɗe. Aka kira magariba, na yi salla, na zauna a kan dardumar ban tashi ba.

Da amsar ta zo, ga abin da ya ce, yadda na iya mayar da shi Hausa.

Ya ce ta yi masa zafi. Ya ce ya daɗe yana wannan aikin, an sha zaginsa, amma ba wanda ya taɓa ce masa don yabo yake yi, kuma abin ya zauna masa saboda ya kasa rantsewa cewa babu gaskiya a ciki ko kaɗan. Ya ce ɗazu bai faɗa min daidai ba. Ba ayyuka ne suka hana shi ba. Ya ga gyaran tun ranar da ta turo, ya buɗe ya rufe ya fi sau nawa, yana cewa gobe.

Sannan a layi shi kaɗai ya rubuta: na yafe mata.

Na karanta wa Inna. Ta aje rariya ta ce, "Alhamdulillahi. Allah shi saka mai."

Amma akwai sauran layi a ƙasa. Ya ce ya fara duba aikin nata yanzu, aiki ne mai kyau, yana da tambayoyi biyu da bai san wa zai yi wa ba. Ya ce sati uku ya bar ta tana jira da gangan. Ya ce shi ma yana son a yafe masa, amma bai san al'adarmu ba. Idan wadda aka yi wa laifin ta riga ta tafi, wa ake tambaya?

Na tambayi Inna.

Ta ce gobe da safe za mu koma Shagari, in durƙusa gaban Hajiya in gaya mata, ita ta haife ta.

Na rubuta masa cewa zan kai saƙonsa gobe. Ban san ta yadda zan yi wa Hajiya bayanin wani tsoho mai keke a ƙasar da ban san sunanta ba, a gaban matan gidan duka, ni da muryata ba ta fita. Amma zan kai.

Ya Allah, ga baiwarka Lubabatu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata mata makwancinta ka haskaka shi. Abin da ta koyar da abin da ta gina kyauta, ka sa ya zame mata sadaka mai gudana. Ka ba Hajiya da 'yan'uwanta da gwaggonta haƙurin rashinta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah ku sa ta a addu'arku, ko da ba ku san ta ba.

Ku kuma 'yan ajinmu, da 'yan gindin bedi, da duk wanda ya taɓa zama da ita: in ta taɓa ɓata muku, ko da tsawa ce a aji, kada ku saka min hoton zuciya ku wuce. Ku rubuta a ƙasa da kalmominku cewa kun yafe mata. Zan karanta wa Hajiya gobe.